Yadda Za Ka Bi Umarnin Allah Ka Dogara Da Jagorarsa Ko Ba Ka Hango Gabanka Ba

Akwai tambayar da ba ta ƙarewa a taron matasa na coci, ko a zumuntar mata, ko ma a hirar da ake yi a gindin dalbejiya bayan an tashi sujada: ta yaya zan san nufin Allah a rayuwata? Wani maganar aure ce ta sha masa kai, wata aiki ya fito mata a Abuja ga kuma tsohuwa kwance ba lafiya a gida, wani ya gama makaranta shekara 4 kenan yana yawo da takardu a fayil har gefensu ya naɗe. Kowa so yake Allah ya buɗe baki ya ce masa bi nan. To ni dai abin da na koya, kuma ba da sauƙi na koye shi ba, shi ne yawancinmu muna matsa wa Allah ya gaya mana abin da bai faɗa ba tukuna, alhali wanda ya riga ya faɗa ɓaro-ɓaro mun tura shi ƙarƙashin tabarma mun zauna a kai. In kana son jagora, daga nan za ka fara, ɗan'uwa, daga nan za ki fara, 'yar'uwa.

Ka ɗauki Littafi Mai Tsarki ka buɗe Fitowa sura 20, ka karanta Dokoki Goma a hankali kamar yau ka fara ganinsu, ba irin karatun hadda na Sande sukul ba. Ka lura da yadda surar ta fara, kafin Allah ya ce yi kaza ko kada ka yi kaza sai da ya tuna musu cewa shi ne ya fisshe su daga bauta a Masar. Wato ceto ne ya riga doka zuwa. Wannan yana da muhimmanci sosai domin in ka juya shi ka shiga wahala, za ka riƙa biyayya kamar ɗan kwadago mai jiran a sallame shi da yamma. Afisawa 2:8-10 ta ce da alheri aka cece mu ta wurin bangaskiya, ba ta ayyuka ba, amma an halicce mu cikin Almasihu domin kyawawan ayyuka. Shi kansa Yesu a Yahaya 14:15 cewa ya yi in kuna ƙaunata za ku kiyaye umarnina. Ƙauna ce a gaba, biyayya na biye da ita. Kuma da aka tambaye shi wace doka ce mafi girma, a Matiyu 22, ya dunƙule su duka a biyu, ka ƙaunaci Allah da dukan zuciyarka, ka ƙaunaci maƙwabcinka kamar kanka.

To bayan ka karanta, samu biro da takarda, da gaske nake, kar ka ce za ka riƙe a ka. Ka rubuta abu ɗaya ko biyu da ka san sarai Allah ya ce ka yi ba ka yi ba, ko ya ce ka bari ba ka bari ba. Ba sai ka yi azumin kwana uku kafin ka gano su ba, ka san su, su ne abubuwan da in fasto ya doso wajen a wa'azi sai ka sunkuyar da kai ka fara duba waya. Bashin da ka ci na abokinka tun bara kana ganin kiransa kana ƙin ɗagawa. Gabar da kike yi da matar yayanki shekara biyu ba ko gaisuwa, kuma ranar jibin Ubangiji duk ku miƙa hannu ku karɓa. Yaron shago da ka riƙe wa kuɗin wata, alhali Littafin Firistoci 19:13 ya ce kada ladan ɗan kwadago ya kwana a hannunka. Iyayen da ke ƙauye da ka fi wata uku ba ka aika musu ko kuɗin sabulu ba amma data ba ta yanke maka.

Bari in ba ku abin da na gani da idona. Akwai wata gwaggona mai sayar da hatsi a kasuwar ƙauyenmu, dawa da gero da masara. Kamar yawancin masu awo, mudunta biyu ne, wanda take saye da shi cikakke ne, wanda take sayarwa da shi an ɗan buga gindinsa ya loɓa ciki, in ba ka kifa shi ba ba za ka gane ba. Wata ranar Talata ta dawo daga zumuntar mata, ko zanen zumuntar ba ta cire ba, ta ɗauko mudun nan ta ɗora shi a kan turmi, ta sa taɓarya ta ciki tana dannawa tana bugawa har gindin ya miƙe. Na ce Gwaggo lafiya? Ta ce yau an karanta musu Karin Magana 11:1, cewa ma'aunin algus abin ƙyama ne ga Ubangiji, kuma tun da aka karanta ta kasa bin waƙa. Ta ce, ɗana, shekara nawa ina roƙon Allah ya sa wa sana'ata albarka ashe da mudun sata nake miƙa masa hannu. Ribarta ta ragu, ba zan ɓoye muku ba, a kowane buhu akwai abin da ta saba samu da ya tafi. Amma ba ta sake loɓa mudu ba har ta bar kasuwa. Ita ba ta yi boko ba, da ƙyar take haɗa baƙi a Littafinta na Hausa, amma ta gane abin da Yakubu 1:22 ke nufi da ku zama masu aikata maganar, ba masu ji kawai ba.

Abu na gaba, in za ka yi biyayya ka yi ta cikakkiya, kuma ka yi da wuri. Labarin Saul a 1 Sama'ila 15 yana ba ni tsoro duk lokacin da na karanta, domin mutumin nan bai ƙi zuwa yaƙin ba, ya je, ya yi yawancin abin da aka ce, sai dai ya bar sarki Agag da rai ya ware tumaki da shanu masu ƙiba, da Sama'ila ya zo ma da fara'a ya tare shi yana cewa na cika umarnin Ubangiji. Sama'ila ya ce to kukan tumakin nan da nake ji fa? Sai Saul ya ce ai na hadaya ne. Nan aka gaya masa biyayya ta fi hadaya. Mu ma haka muke yi, mu ci haram a ofis mu kawo zakkarsa coci, mu sa baiko mai kauri ranar godiya mu ɗauka an rufe magana. Yesu ya ce a Matiyu 5:23-24 in ka kawo baikonka ka tuna ɗan'uwanka na da wata magana a kanka, ajiye baikon, je ku shirya tukuna. Ka ga ko baikon sai ya jira.

Yanzu sai maganar dogara, wadda ta fi wuya. Zabura 119:105 ta ce maganar Allah fitila ce ga ƙafafuna, haske ce a hanyata. Duk wanda ya taɓa tafiya gona ko rafi da asuba da fitilar ƙwai ko 'yar tocila ya san abin da ake nufi, ba ta haska maka kilomita guda, taku biyu ko uku take nuna maka, in ka taka sai hasken ya ƙara gaba, in ka tsaya cak kana cewa sai na ga ƙarshen hanya to nan za ka kwana. Ibrahim yana da shekara 75 Allah ya ce masa ya bar Haran zuwa ƙasar da zai nuna masa, zai nuna fa aka ce, ba a nuna ba tukuna, Ibraniyawa 11:8 ta ce ya fita bai san inda za shi ba. Isra'ilawa a jeji girgije suke bi, Littafin Ƙidaya 9 ya ce wani lokaci ya tsaya kwana biyu, wani lokaci wata guda, wani lokaci har shekara, in ya tashi su tashi in ya tsaya su tsaya. Manna ma na yini guda ake ba su, wanda ya ɓoye na gobe sai ya wayi gari ya yi tsutsa yana wari, sai dai ranar shida da ake ɗiban na kwana biyu saboda Asabar. Shekara 40 a haka. Allah ne yake koya musu cewa gobe a hannunsa take.

To a aikace, in shawara ta taso maka wadda babu ayar da ta ambace ta da suna, ka auri wance ko kar ka aura, ka karɓi aikin nan ko ka bari, ka koma Kaduna ko ka zauna a Jos, ga yadda nake bi.

Da farko ina tambaya, akwai wani abu a ciki da ya saɓa wa abin da aka rubuta? In akwai, magana ta ƙare, babu wani sai na yi addu'a a kai. Ba a addu'a a kan ko a karɓi cin hanci ko a nemi matar wani. Wannan tambayar kaɗai tana tankaɗe rabin ruɗanin da muke ciki.

Ni kaina na sha wannan. Shekarun baya an buɗe ɗaukar aiki a wata ma'aikata, sharaɗin kada mutum ya wuce shekara 30, ni kuma ina da 32, ga mata ga jariri ga kuɗin haya ya ƙarato. Wani kawuna, da kyakkyawar niyya fa, ya ce kai dai je kotu ka yi takardar rantsuwar shekaru ka rage uku, kowa haka yake yi. Na je. Na zauna a benci gaban mai buga takardu a bakin ƙofa, ya sa takarda a keken rubutunsa ya buga sunana, ya ɗago kai ya ce malam wace shekara zan sa? Kawai sai na ji bakina ya yi nauyi. Daren jiya na durƙusa ina roƙon Allah ya buɗe mini ƙofa, yau kuma ga ni zan rantse da ƙarya in ce shi ya buɗe. Na ce masa ya sa ta gaskiya, ya dube ni ya ce to ai ba ta da amfani a wurinka, na ce na sani. Na biya shi na tafi. Ban samu aikin ba. Na ƙara shekara biyu ina koyarwa a wata 'yar makarantar kuɗi da albashin da ba ya kai mu tsakiyar wata, kuma akwai daren da na kwanta ina jin zafin abin har hawaye. Amma yau duk takardar da ke ɗauke da sunana zan iya ajiye ta gaban kowa, ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi, kuma ina iya gaya wa ɗana kar ya yi ƙarya ba tare da na kau da ido ba.

In shawarar ta wuce wannan gwajin, sai addu'a, kuma addu'ar gaskiya, ba wadda ka riga ka yanke hukunci kana neman Allah ya buga maka hatimi ba. Yakubu 1:5 ta ce wanda ya rasa hikima ya roƙa, Allah na bayarwa hannu sake ba gori. Ka gaya masa abin da ranka ke so ƙarara, ai ya riga ya sani, sannan ka ce amma ba nufina ba sai naka, kamar yadda Ubangiji ya yi a Getsamani. Ka sa lokaci, ko minti 15 ne da asuba kafin ka taɓa waya, domin in ka fara buɗe WhatsApp to safiyar ta tafi. In abin babba ne ka haɗa da azumi.

Daga nan ka nemi shawarar manya. Karin Magana 15:22 ta ce shiri yakan rushe in babu shawara, mu ma Hausawa mun ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Amma ka zaɓi wanda za ka je wurinsa, dattijon ikilisiya ko mama a zumunta wadda ka ga rayuwarta, wadda za ta iya ce maka a'a ido da ido. In ka lura kana zagaye mutanen da ka san za su hana ka, kana neman abokan da za su ce maka yi kawai, to ka riga ka san amsar, gudunta kake yi. Musamman ku 'yan mata a maganar aure, dan Allah, in kina ɓoye saurayi daga iyayenki da fastonki ki tsaya ki tambayi kanki dalili.

Sai ka duba yadda ƙofofi ke buɗewa da rufewa, amma a nan a yi hattara. A Ayyukan Manzanni 16 Bulus ya so ya yi wa'azi a Asiya Ruhu ya hana, ya nufi Bitiniya aka sake hanawa, sai a Taruwasa ya ga wahayin mutumin Makidoniya yana roƙo a zo a taimake su. Abin lura, ba zaune yake a ɗaki yana jira ba, yana cikin tafiya aka juya shi. Abu na biyu kuma, ƙofar da Allah ya buɗe da kansa ita ta kai shi Filibi inda aka yi musu dukan tsiya shi da Sila aka jefa su kurkuku. Yunusa kuwa da zai gudu Tarshish ya samu jirgi a shirye a Yafa, har da kuɗin biya a hannu. Don haka sauƙin hanya ba shaida ba ce cewa ta Allah ce, wahalarta ma ba shaida ba ce cewa ka ɓata.

Maganar mafarki da annabci kuwa, ban ce Allah ba ya magana ta nan ba, ya yi da Yusufu, ya yi da Bulus. Amma yanzu gari ya cika da masu cewa Ubangiji ya ce, a Facebook da TikTok da kan kowane layi, wani har da lambar asusun banki a ƙasan bidiyo. 1 Yahaya 4:1 ta ce a gwada ruhohi. An yabi mutanen Biriya a Ayyukan Manzanni 17:11 domin ko Bulus da ya yi musu wa'azi sai da suka riƙa bincika Littattafai kullum su ga ko haka ne. Duk wanda ya ce miki uwarki ce mayyar da ta tare miki aure, ki daina gaishe ta, ki auna maganarsa da doka ta biyar, ki girmama mahaifinki da mahaifiyarki. Na ga gidaje sun watse a kan irin wannan, abin yana ci mini rai matuƙa. Kuma mu gode wa Allah muna da Littafin a harshenmu tun 1932, aikin da su Dakta Walter Miller na Zariya suka sha wahalarsa shekara da shekaru, yau har a waya akwai shi, har da na sauraro ga wanda bai iya karatu ba. Ba mu da hujjar barin wani ya karanta mana abin da babu shi a ciki.

In ka yi duk wannan, to taka. Kar ka zauna shekara biyar kana cewa ina jiran Ubangiji alhali tsoro ne ya riƙe ka. Karin Magana 3:5-6 ta ce ka dogara ga Ubangiji da dukan zuciyarka, kada ka jingina ga ganewarka, shi zai daidaita hanyoyinka, kuma mai tafiya ake daidaita wa hanya. Bitrus ya kwana yana kamun kifi bai samu ko ɗaya ba, masunci ne ya san ba da rana tsaka ake yi ba, amma ya ce bisa ga maganarka zan saki taru.

Akwai abin da ba zan rufe muku ba domin wasu masu wa'azi suna rufewa. Wani lokaci za ka yi biyayya kuma abin ya ƙara cakuɗewa, har ka mutu ba ka ga amfaninsa ba. Yusufu ya ƙi matar Fotifar ya ƙare a kurkuku, an sayar da shi yana ɗan shekara 17, bai tsaya gaban Fir'auna ba sai yana 30. A ƙasarmu ma, a ƙarshen 1893 samari uku suka sauka Legas, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, da niyyar kawo bishara cikin ƙasar nan ta Sudan kamar yadda ake kiranta a lokacin. Cikin 1894 Gowans ya rasu a Girku, Kent ya rasu a Bida, a 1895 Bingham ya koma gida da zazzaɓi a jiki, ba coci ko ɗaya. Ya sake gwadawa a 1900 ciwo ya sake kora shi. Sai a 1902 ƙungiyarsu ta samu kafa tasha a Patigi. Daga wannan aikin na ƙungiyar mishan ta SIM ne cocin ECWA ta fito a 1954, kuma duk wanda ke sujada a cikinta yau yana cin moriyar biyayyar mutum biyu da ba su ga komai da idonsu ba. A zamaninmu ga Rabaran Lawan Andimi na cocin EYN da aka sace a Michika aka kashe shi a Janairun 2020, ga Leah Sharibu da aka ɗauke a Dapchi ranar 19 ga Fabrairu 2018, aka sako sauran 'yan matan da suka rayu aka riƙe ta saboda ta ƙi barin bangaskiyarta. Ba na ambatonsu da wasa, kuma ba na yarda wani ya ce musu rashin bangaskiya ne ya jawo. Abokan Daniyel uku sun ce wa Nebukadnezzar Allahnmu na da ikon ceton mu daga tanderun, amma ko bai cece mu ba ba za mu yi wa gunkinka sujada ba. Wannan ko bai cece mu ba ɗin, ka roƙi Allah ya dasa maka ita a zuciya tun yanzu da ake zaman lafiya, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

To in ka faɗi fa? Domin za ka faɗi, ni ma ina faɗuwa. Kar ka ɓuya, kar ka daina zuwa coci don kunya, wannan shi ne tarkon da ya fi kama mutane. 1 Yahaya 1:9 ta ce in mun furta zunubanmu shi mai aminci ne zai gafarta mana. Ka ambaci zunubin da sunansa, kar ka ce Ubangiji in akwai inda na yi kuskure. In akwai haƙƙin mutum a ciki ka mayar, kamar Zakka da ya ce zai rama ninki huɗu. In bashin ya fi ƙarfinka ka je wurin mai shi da ƙafarka, ka kai abin da ya samu ko dubu biyu ce, ka ce masa ga wannan, sauran zan riƙa kawowa ƙarshen kowane wata, ku rubuta. Bitrus ya yi musun Ubangiji sau uku a dare ɗaya, a Yahaya 21 Yesu ya gasa musu kifi a bakin teku ya tambaye shi sau uku kana ƙaunata, sannan ya sake ce masa bi ni.

Takardar nan da na ce ka rubuta, kar ka jefar. Ka ninke ta ka sa a cikin Littafinka daidai Fitowa 20. Ka zaɓi abu ɗaya a ciki ka sa masa rana cikin satin nan, in kiran waya ne ka sa kati ka kira yau kafin dare, in zuwa gida ne ka nemi wani dattijo ya raka ka. In ka gama ka ja masa layi, ka rubuta kwanan wata a gefe, ranar Lahadi ka samu ɗan'uwa ɗaya da ka yarda da shi ka nuna masa, ka ce ya tambaye ka na biyun mako mai zuwa.